Memorin da Ya Tona Min Asiri a Falon Gwaggo

Ni ne fa mai yi wa yara wa'azi a kan memori. Shekara 11 ina ɗaukar hoton biki, kuma babu yaron da ya koyi aiki a hannuna bai haddace karatun nan uku ba: kada ka sayi memori ranar aiki, kada ka ɗauki biki da ɗan ƙaramin kati na waya a cikin adafta, kada ka yarda da sabon kati sai ka cika shi maƙil ka karanto abin da ka zuba. To ranar bikin autar Gwaggo duka ukun na karya kafin azahar.

Yadda aka yi, katunana biyu masu giga 32 ɗan Kawu ya are su, kun dai san halinsa. Na ukun yana maƙale a na'urar karanta kati a shago, makullin shagon kuma yana aljihun yarona da ya tafi ƙauye gaisuwa. Ɗaurin aure ƙarfe 11, ni kuma ƙarfe 10 saura ina tsaye a kasuwar 'yan waya da kamarata Canon 600D a wuya, cikinta fayau.

"Maigida, ga 128, na kamfani ne," in ji yaron shagon. Ya faɗi kuɗi, sai na ji bai ma kai kuɗin giga 32 na gaske ba. A nan ya kamata in ajiye. Na juya kwalin, na ga bakinsa da gam aka liƙe, jan fentin katin ya yi ɓaro-ɓaro, rubutun ya ɗan karkace. Duk na gani. Amma an jera masa lambobin girma kamar sojan da ya dawo daga yaƙi, U3 ne, V30 ne, A2 ne, sai zuciyata ta ce kai, wataƙila yaron ne bai san darajar kayansa ba. Har da tausaya masa na yi. Araha ba ta ado, ni na sha faɗa wa mutane wannan.

Tunda na ambaci lambobin, bari in fassara su, don yawancin masu saye girman giga kawai suke kallo. Lambar da ke cikin harafin C, wato 4 ko 6 ko 10, ita ce mafi ƙarancin mega nawa katin zai rubuta a daƙiƙa ɗaya. U1 mega 10 ne, U3 mega 30. V30, V60 da V90 su ma haka, mega 30, 60 da 90, kuma su ne mai bidiyo zai duba. A1 da A2 na waya ne, suna nuna saurin kati wajen buɗe manhajoji, kamara ba ruwanta da su. Ita kuwa ƙatuwar lambar nan ta gaban kwali, 100 ko 170, galibi saurin karantawa ce, wato lokacin da kake kwashe hotuna zuwa kwamfuta, ba ta ce komai ba game da rubutu. Sai maganar jinsi: SDHC daga sama da giga 2 ne zuwa 32, SDXC daga nan zuwa tera 2. Tsohuwar kamara da aka ƙera kafin SDXC ya fito a 2009 ba za ta gane katin giga 64 ba ko da na gaske ne. Tawa ta 2011 ce, tana karɓa, abin da ya ƙara min ƙwarin gwiwar banza ke nan.

Na zura ɗan katin a adafta, na tura a kamara, ta ce kati a kulle yake. Ɗan maɓallin nan na gefen adafta ne ya yi sako-sako, duk sanda na tura sai ya zame ƙasa. Shi wannan maɓalli ba waya a jikinsa, roba ce kawai da kamara ke taɓawa ta gane ko an hana rubutu. Na roƙi salatif wajen mai shayi na naɗe shi. Na yi fomatin a cikin kamara kamar yadda ya dace, ta nuna min giga 119. Wannan daidai ne ga katin 128, don kamfani da 1000 yake lissafi, na'ura da 1024. Na ce alhamdu lillahi, na hau babur.

Yanzu sai mutumin nan mai shuɗiyar babbar riga. Har yau ba a gano ɓangaren da ya gayyace shi ba. Dangin ango sun ɗauka namu ne, mu mun ɗauka nasu ne. Tun a ƙofar masallaci ya gane ni ne mai hoto, daga nan bai sake barin gaban gilashina ba. In na saita limamin, sai ga kafaɗarsa. In na koma wajen waliyyai, ya riga ni zama a tsakiyarsu yana gyara hula. Aka fara rabon goro da alawa, ya karɓa da hannu biyu, ya juyo ya yi min murmushi. Ni kuma da yake ina taƙama da giga 128, sai na bar kamara a kan RAW haɗe da JPEG, wato kowane hoto ta ajiye shi kofi biyu, ɗanye mai nauyi da matsattse, kowane latsi kusan mega 30, ina ta ɓarin wuta ba lissafi, wai in na koma gida na tsince shi na zubar. Har kirana yake, "Mai hoto, nan, nan!" kamar shi ya biya kuɗin aikin. Wanda ma ba a biya ba, tunda bikin gida ne.

Gargaɗi na biyu ya zo wajen bidiyo. Kamarata tana cin kamar mega 330 a minti ɗaya, wato mega 5 da rabi a daƙiƙa, shi ya sa littafinta ya ce a sa kati mai lamba 6 ko sama. Katin da aka rubuta wa V30 ya kamata ya haɗiye wannan yana hamma. Ina fara ɗauka sai ga ɗan ma'aunin nan ya fito a gefen allo yana hawa, ɗaya, biyu, uku, ya cika, kamara ta tsayar da ɗaukar da kanta. Ma'anarsa ma'ajiyar cikin kamara ta cika, kati ya kasa kwashewa. Sau uku ana haka. Me na ce? Na ce zafin rana ne. Na rufa mata hankici.

Abin da ya yaudare ni har dare shi ne, duk hoton da na ɗauka yana fitowa a allo tas na daƙiƙa biyu. Wannan kuwa daga ma'ajiyar kamara yake fitowa, ba daga kati ba. Da na danna maɓallin duba hotuna sau ɗaya tak bayan la'asar, da na gane. Ban danna ba. Hoto sama da 900 na ɗauka, har da na kai amarya.

Washegari da daddare aka taru a falon Gwaggo. Ni da bakina na ce a taru. Na zo da wayar HDMI mai ƙaramin kai, na haɗa kamara da talabijin, na sa aka kashe fitila. Gwaggo na kan kujerarta, ƙawayenta uku da suka yi anko ba su tafi ba, Kawu na gefe da carbi, wan ango ya zo da kansa karɓar kofi, yara sun cika ƙasa.

Hoton farko, ƙofar masallaci, mai shuɗiyar riga. Na biyu, shi. Na goma, shi da goro. Aka yi dariya. Wajen na 60 dariya ta fara raguwa. Gwaggo ta ce, "Kai ɗan nan, wuce mana wajen amarya, wannan bawan Allah mun gan shi." Na ce to Gwaggo, na juya dayal da sauri. Muka wuce 150, muka wuce 200, ga shi nan dai yana cin shinkafa a ƙarƙashin rumfa. Sai allo ya yi baƙi, alamar tambaya ta fito a tsakiya, kamara ta ce ba za ta iya nuna wannan hoton ba.

Na matsa gaba. Alamar tambaya. Na sake. Alamar tambaya. Talabijin ɗin Gwaggo kuwa ƙato ne, alamar ta kai girman faranti.

Na ce waya ce. Na cire na hura mata iska na mayar. Na ce talabijin ne, wani yaro ya ce ai ɗazu aka kalli ƙwallo a ciki. Na kashe kamara na kunna, na cire batir na goga a riga, abin da ni kaina na san ba shi da alaƙa da komai. Gumi ya fara bin bayana. Falo ya yi tsit, ba ka jin komai sai ƙarar carbin Kawu. Ɗaya daga cikin ƙawayen Gwaggo ta ce a hankali, amma yadda kowa zai ji, "Ba shi ne aka ce yana koya wa yara ba?" Wata ta amsa, "Shi ne." Shi ke nan abin da ta ce, shi ne, amma da mari ta yi min da ya fi sauƙi.

Gwaggo ta gyara zama. "Ɗan nan."

"Na'am Gwaggo."

"Leshin nan da na saka, ka san wata nawa na yi ina zubin adashi a kansa?"

Na ce Gwaggo hotunan suna ciki, in sha Allahu kwamfuta za ta buɗe. Na cire katin don in nuna musu, sai ga salatif ɗin mai shayi ya fito yana reto. Wan ango ya karɓa, ya juya shi, ya miƙo min ba tare da ya ce uffan ba, ya yi sallama. Ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Shi kuwa ɗan Kawu, wanda katunana biyu ke jakarsa a wannan lokacin, shi ne ya buɗe baki ya ce, "Yaya, ai da ka gwada shi tukuna."

A kwamfuta sunayen hotunan duk suna nan, kowanne da girmansa, amma cikin waɗanda suka ƙi buɗewa sifili ne zalla. Ga yadda jabun kati yake aiki: ana ɗaukar ƙaramin kati, a ce na giga 8, a sauya bayanin da ke cikin ƙwaƙwalwarsa ya riƙa gaya wa kowace na'ura cewa shi 128 ne. Sunan fayil yana shiga, don teburin sunaye a farkon kati yake. Amma da zarar an wuce ainihin girmansa, wani katin zubar da bayanan yake yi, wani kuma ya zagayo ya rubuta a kan na farko, wanda ya fi muni. Nawa mai zubarwa ne. Na kwana ina gudanar da PhotoRec, manhajar dawo da hotunan da suka ɓace, wadda ta sha ceto ni in an goge hoto ko an yi fomatin bisa kuskure, muddin ba a ɗora wani abu a kai ba. Amma ba ta dawo da abin da ba a taɓa rubutawa ba. Ta dawo min da mai shuɗiyar riga, har da guda huɗu da na goge tun a masallaci.

Sai bayan ɓarna na yi gwajin da ya kamata in yi tun farko. H2testw sunan manhajar, kyauta ce, a Windows take aiki, masu Linux da Mac kuma suna da F3. Za ka kwashe komai daga katin, ka sa ta cika shi da bayanai har baki, sannan ta karanto ta gwada. Katin kirki ta na'urar karatu mai USB 3.0 ba ya daɗewa. Nawa da yake mega 4 da ɗoriya yake rubutawa, kusan awa 8 ya ci, ban da sake farawa da na yi saboda an ɗauke wuta batirin kwamfuta ya mutu. Sakamako: giga 7 da 'yan kai lafiya, sauran duk iska.

Na koma kasuwa da hoton sakamakon a waya. Yaron ya kalla ya ce, "Maigida, ai memori ba a dawo da shi in an fasa kwali." Na ce to da ta ina zan gwada, ta cikin kwalin? Ya ce wataƙila kamarata ce ke da bairos. Maƙwabcinsa ya leƙo ya ce in ƙara kuɗi kaɗan a ba ni 256.

Yanzu jakata tana da katuna huɗu manya masu giga 32, U3, duk na cika su na karanta, kowanne da lamba a bayansa, suna cikin 'yar akwatin roba. Gara huɗu ƙanana da babba ɗaya, in ɗaya ya mutu kashi ɗaya cikin huɗu na biki ya tafi. Batir LP-E8 guda biyu na ajiya. Kati ya kusa cika in canza, ba na goge hoto a wajen aiki, ba na zare kati in jar fitilar nan tana ƙiftawa. Aro kuma na daina, ko Kawu da kansa ya zo.

Hotunan amarya dai daga wayoyin ƙawayenta muka tattara, waɗanda WhatsApp ya riga ya matse, in ka wanke su fiye da girman tafin hannu fuska ta dagargaje. Jabun katin na yanke shi da F3 zuwa ainihin girmansa, na yi masa fomatin irin na ƙananan katuna, wato FAT32, tunda yawancin ƙananan rediyoyin nan ba sa karanta abin da ya wuce giga 32, na zuba wa Gwaggo karatu a ciki. Ta karɓa, ba ta ce ta yafe ba.

Ranar Talata sai ga mai shuɗiyar riga a shagona, ban san wanda ya yi masa kwatance ba. Ya zaɓi guda 12 a wanke masa, ɗaya a sa a firam. Ya ba da rabin kuɗi, ya ce sauran sai ya zo karɓa. Firam ɗin na nan jingine a bayan kanta, wata biyu ke nan.