Ɗakin jirgin ruwa da sunan da aka jingina wa Amurka

Jama'a, akwai wani labari da ake yawan yaɗawa, ina so mu tsaya mu dube shi da kyau. Turawa suna kiran ɗakin kwanan fasinja a babban jirgin ruwa "stateroom". Wai asalin sunan daga jiragen Kogin Misisifi ne a Amurka, inda ake rubuta sunan jiha a ƙofar kowane ɗaki, wannan Kentaki, wancan Ohayo, shi ne aka ce "stateroom", wato ɗakin jiha.

Labarin yana da daɗin ji, kuma ba ƙarya ce zalla ba. A jiragen nan har benen da ma'aikata ke kwana ana ce masa Texas, jihar da ta shiga tarayyar a 1845, wadda a lokacin ta fi kowace girma.

To amma a duba shekaru. A 1660 Samuel Pepys, ma'aikacin rundunar ruwan Ingila, ya rubuta a kundin da yake ajiye labarin ranakunsa cewa ya hau jirgin yaƙi mai suna London, ya tarar "state-room" ɗinsa ya fi na jirgin Naseby faɗi, sai dai bai kai shi ado ba. Amurka kuwa sai 1776 ta ayyana 'yancinta. Shekara 116 ke nan tsakani. Yaushe jika ya taɓa raɗa wa kakansa suna?

Kalmar "state" a nan ba jiha take nufi ba, ƙasaita take nufi. A manyan gidajen Ingila haka ake kiran ɗakunan alfarma da ake ƙawatawa don saukar sarki ko babban baƙo. A jirgi kuma ɗakin kyaftin ne ko na wani babba. Daga baya sunan ya gangaro kan fasinja mai kuɗi, sannan kan kowa.

Nan ne abin ke ci mini rai. Yau kamfanonin jiragen yawon shaƙatawa za su sayar maka da ɗaki can cikin cikin jirgi, ko taga babu, daga gado sai ɗan bayin da da ƙyar za ka juya, amma a takarda sunan nan na sarauta suka rubuta. Mutum ya tara kuɗinsa da gumi, ya ga suna ya biya. Wallahi ban ga adalci a nan ba. Duk mai niyyar irin wannan tafiya, tun kafin ya biya ya tambayi faɗin ɗakin, a wane bene yake, kuma ko akwai taga.