Idan an ce maka "Ubangiji ya nuna mini abu a kanka"

'Yan'uwa cikin Almasihu, salama a gare ku.

Tambayar da ake yawan kawo wa fastoci da dattawa ke nan: wani ya tare ni bayan sujada, ya ce yana da saƙo daga Ubangiji a kaina, yaya zan yi? Manzo Bulus ya ba Tasalonikawa amsa a taƙaice: kada a raina annabci, amma a gwada kome, a riƙe mai kyau (1 Tasalonikawa 5:20-21). Wasunmu sun riƙe rabin farko sun bar gwaji, wasu kuma da sun ji kalmar annabci sai su toshe kunne. Duka biyun saɓa wa ayar ne.

Mu fara da Agabus, wani annabi a zamanin manzanni, domin labarinsa ya nuna iyakar annabci sarai. A Antakiya ya faɗi cewa za a yi babbar yunwa, aka kuwa yi ta a zamanin Kalaudiyas, Sarkin Roma. Me masu bi suka yi? Kowa ya ba da gwargwadon ƙarfinsa, suka aika da gudummawa Yahudiya ta hannun Barnaba da Shawulu, wato Bulus (Ayyukan Manzanni 11). Agabus ya faɗi abin da ke zuwa, ikilisiya ce ta zauna ta yanke abin yi. Bayan shekaru ya iske Bulus a Kaisariya, a gidan Filibus mai bishara, ya ɗauki ɗamarar Bulus ya ɗaure kansa hannu da ƙafa, ya ce haka za a yi wa mai ita a Urushalima. Jama'a suka yi ta kuka suna roƙon Bulus kada ya tafi. Bulus ya tafi. Bai ƙaryata Agabus ba, amma "kada ka tafi" fassarar jama'a ce, ba ta cikin saƙon. A nan ne da yawa ke tuntuɓe: ko saƙon gaskiya ne, shawarar da aka liƙa masa tana iya zama ta mutum. Saboda haka idan an ce maka ka auri wance, ka bar aikinka, ko ka sayar da gonarka, raba abin da aka ce an gani da abin da ake so ka aikata.

Ga yadda za ka bi da shi. Rubuta maganar a ranar, kalma da kalma, da sunan mai faɗa da kwanan wata, domin bayan wata shida mai annabcin da mai ji duk sukan gyara ta ta dace da abin da ya faru. Sai ka auna ta da Littafi Mai Tsarki. Ruhun da ya hure Nassi ba zai umarce ka ka saki matarka ko ka tsani mahaifiyarka ba. Daga nan kai ta gaban fastonka da dattawa biyu ko uku da suka san rayuwarka. Wanda ya ce kada ka gaya wa kowa, ko ya ce sai ka aikata kafin gari ya waye, gwajin yake gudu.

Cikar magana ma ma'auni ce (Kubawar Shari'a 18:22). Wani annabi, Hananiya, ya tsaya a Haikali ya ce cikin shekara 2 za a karya karkiyar Babila. Irmiya ya ce shekara 70. Maganar Hananiya ta fi daɗin ji, amma a wata na biyar ya yi ta, a wata na bakwai ya mutu (Irmiya 28). Sai dai cika kaɗai ba ta isa ba, domin sura 13 ta Kubawar Shari'a ta ce ko alamar ta tabbata, in mai ita yana jan ka ga barin Ubangiji, kada ka saurare shi. Wanda ya faɗi sunan ƙauyenku ko lambar wayarka bai tabbatar da kome ba tukuna, balle a zamanin Facebook.

Abu uku kuwa ba sa buƙatar dogon bincike. Annabcin da ke da farashi: Annabi Elisha ya ƙi kyautar Na'aman da aka warkar daga kuturta, baransa Gehazi da ya bi bayanta ya kwashi kuturtar. Annabcin da ya nuna wata tsohuwa ko wani yaro a gidanku ya ce mayu ne: 1 Korintiyawa 14:3 ta ce annabci don ingantawa da ƙarfafawa da ta'aziyya ne, wannan kuwa gidaje yake rushewa, wani lokaci har da jini. Da kuma wanda ya ce ka bar maganin hawan jini ko na ciwon suga don an ga ka warke. Koma asibiti a auna ka, likita ya tabbatar, sannan ka zo ka ba da shaida a majami'a.

Ku kuma masu wannan baiwa, ƙa'idarku tana 1 Korintiyawa 14:29-32: biyu ko uku su yi magana, sauran su auna, ruhun annabi kuma yana ƙarƙashin ikonsa, don haka babu "ba na iya yin shiru". In saƙon ya shafi sirrin mutum, same shi a keɓe tare da dattijo ɗaya, ba a lasifika ba. In ka sa wa magana rana ba ta cika ba, koma gaban waɗanda suka ji ta ka ce ka yi kuskure, kada ka ɗora laifin a kan ƙarancin bangaskiyarsu.