Ganyen shayin da muke zubarwa a kwata, ina yake ƙarewa?

Duk fadar hira da ka bi a unguwar Zango ko Birni ta Damagaram da daddare, butar shayi na kan gawayi. In an sha na uku, sai a kife ganyen a bakin kwata, inda dattijon unguwa ya tofar da tukar goronsa tun da hantsi. Ni ma haka nake yi shekara da shekaru, ban taɓa tambayar inda abin yake zuwa ba.

Shayi da goro da kafe, har da wasu ƙwayoyin ciwon kai, duk suna ɗauke da sinadarin kafeyin. Tsiron da ke yinsa kare kansa yake daga ƙwari, wato tun asali guba ce ga ƙananan halittu. Kafeyin yana narkewa cikin ruwa nan da nan, kuma ɗan abin da jiki bai sarrafa ba yana fita cikin fitsari. Masu bincike a wasu ƙasashe sun ga yana takura wa kifi da ƙananan halittun ruwa, yana taɓa girmansu da hayayyafarsu.

Mu a Damagaram abin ya fi kamata ya dame mu, saboda yawancin tabkunanmu ba su da mafita. Ruwan sama ya wanke gari ya tara musu, rani ya zo ruwa ya ƙafe, dattin ya zauna. A nan shanu ke sha, a nan yara ke wanka, masu garka kuma daga nan suke ban ruwan salati. Garin da ke kan dutse, wanda ake jawo wa ruwan pampo daga Gogo da Arungouza, bai da tabkin yasarwa.

Wani zai ce ga leda, ga kashin awaki, sai ganyen shayi za a kama? Yana da gaskiya, kafeyin ba shi ne babban mugu ba. Amma saniya ba ta shan shayi, kafeyin daga wajen mutane yake fitowa. Shi ya sa masana ke amfani da shi a matsayin shaida: tabkin da aka tarar da shi da yawa, ruwan masai da na kwata na mutane ya shiga, kuma ta wannan hanyar kwalara ke bi.

Ina roƙon Jami'ar André Salifou ta nan Damagaram ta auna tabkunan cikin gari da na Gidimuni, damina da rani, ta faɗa mana sakamakon da Hausa a rediyo. Ganyen shayina kuwa yanzu gindin dogon yaron ƙofar gidanmu nake zuba shi.