Malamin Hajiya ya shiga hannu

Ni ne fa malamin tsaro a gidanmu. Tun da aka saya wa Hajiya babbar waya ba ta huta da wa'azina ba, Hajiya kar ki ba kowa BVN, Hajiya lambobi ukun nan na bayan katin ATM ko ni na tambaya kar ki faɗa, Hajiya banki ba ya kiran mutum ya ce a karanto masa OTP, lambar sirrin nan da ake turowa ta saƙon waya. Har takarda na rubuta na manna mata a ƙofar firji. Ita dai sai ta ce "to Malam, Allah ya ƙara ilimi."

Ranar wata Laraba ina cikin adaidaita za ni Kwari, ga gosulo ga zufa, sai wani ya kira ni da laƙabina na makaranta, wai daga gurup ɗin tsofaffin ɗalibai ne, akwai mitin da daddare za a raba tallafi, an turo min lamba 6 in karanto a sa ni a lis. Wallahi kalmar tallafin nan ita ta tafi da hankalina. Na karanto har da maimaitawa don kar ya yi kuskure, ya ce ya gode, na ce haba ai ni ne da godiya.

Kafin in sauka WhatsApp ya kore ni. Ashe lambar shiga WhatsApp ɗina ce na miƙa, mutumin har ya sa nasa PIN ɗin, dole sai na jira kwana 7 kafin in iya komawa ciki. Shi kuwa ya bi kowa yana roƙon dubu 50 da sunana, har da Hajiya.

Na iso gida a guje ina haki, na tarar da ita tana tsinar zogale hankali kwance. Na ce Hajiya kin tura? Ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Ai da gani na san ba kai ba ne. Sai da ya gaishe ni ya tambayi ƙafata, sannan ya ce gobe zai dawo min da kuɗin. Kai tun da na haife ka yaushe ka taɓa biyan bashina?"

Ta sa ƙanwata ta ɓallo takardar firjin ta miƙo min, wai in sa a aljihu.

Kawu ne dai ya tura dubu 20, saboda shi roƙon bai ba shi mamaki ba. Yanzu kullum sai ya kira yana tambayata wace goben nake nufi.