Nasiha Ga Matasa Kan Haƙƙin Masaƙa

'Yan'uwana matasa, akwai ɗabi'ar da ya kamata mu yi wa kanmu faɗa a kanta, wato yadda muke taya gwado ko luru na saƙar hannu da kuɗin bargon kanti, idan masaƙi ya ce albarka kuma mu tafi muna cewa ya cika tsada, alhali yawancinmu ba mu taɓa tsayawa mun ga yadda ake aikin ba.

Tun kafin zare ya isa masaƙa mata sun riga sun sha wahalarsa. Sai an gurje auduga an fitar da angurya, an shiɓe ta har ta yi laushi, sannan tsohuwa ta zauna da mazari tana kaɗi, tana dangwalar alli don kada zaren ya suɓuce mata a yatsa, kuma abawa, wato zaren da ta kaɗa, wadda za ta ishi gwado guda aikin kwanaki ce masu yawa. Daga nan masaƙi zai yi wadari, wato ya miƙe dogayen zaren saƙar, yana kai da kawowa a fili, ya zura zare ɗaya bayan ɗaya a cikin allera, wato abin da yake ɗaga zaren yana sauke shi in an taka, wanda shi kaɗai aiki ne mai cin ido da haƙuri. Idan ya zauna, ƙafafunsa suna taka, hannunsa yana jefa ƙoshiya, ɗan katakon da yake ratsawa da zare, zare ya tsinke ya tsaya ya ƙulla, kuma duk wannan ƙwarya guda yake fitarwa, wato doguwar saƙa siririya, wadda sai an jera da yawa an ɗinke su yadda zanen kowace zai dace da na 'yar'uwarta kafin su zama abin rufa.

Wannan sana'a ce ta ɗaukaka sunan Kano. Baturen Jamus Heinrich Barth, da ya shigo birnin a 1851, ya rubuta cewa tufafin da ake saƙawa a rina a nan suna kaiwa har Tumbuktu da Tarabulus. Haka kuma turkuɗi, rinannen yadi mai sheƙi na garin Kura, shi ne rawanin da Buzaye suke taƙama da shi.

Ina roƙonku, in za ku haɗa kayan ɗakin ƙanwa ko 'ya, ku sa gwadon hannu ko da guda ɗaya ne, ku biya mai shi ba tare da kun matse shi ba. Wanda kuma yake zaune babu aikin yi, ya nemi dattawan da suka rage a kan masaƙa a garuruwa irin su Minjibir, ya durƙusa ya gaishe su, ya ce ya zo koyo, domin da yawansu idanunsu sun fara rauni kuma 'ya'yansu sun koma wasu sana'o'in.