Ranar da hon ɗina ya kunna fitila

Lasisin tuƙina na rukunin A, wato na masu babur, na shekara 5 ne, don haka na ɗauka takardun babur ɗin ma haka suke, alhali su duk shekara ake sabunta su, tare da inshora da takardar shaidar lafiyar abin hawa. Tun da aka hana acaɓa a cikin Jos zamanin Gwamna Jang, mai babur na kansa ma sai ya riƙa yawo da takardu cikakku. Na ari madubi a wurin Sani, na kai Jincheng ɗina Dilimi aka gyara wayoyi, na sa hular kwano na tafi wurin dubawa ina ji da kaina.

Jami'in ya duba birki da tayoyi, ya gyaɗa kai, sannan ya ce, "Malam, danna hon." Na danna, sai fitilar gaba ta kama. Na sake dannawa da ƙarfi, kamar ƙarfi ne ya yi ƙaranci, fitilar ta sake kamawa a tsakiyar rana. Ya ce in kunna siginar dama, sai hon ya saki wani kuka irin na ɗan akuyar da aka yaye. Na ce, "Yallaɓai, wallahi jiya lafiya lau yake," kuma ban rufe baki ba madubin aro ya sunkuyo a hankali yana kallon ƙasa.

Duk wannan zan iya haɗiyewa ban da dattijon nan mai sayar da rake a bakin ƙofa, wanda ba ma'aikaci ba ne, kuma babu wanda ya tambaye shi. Ya ajiye wuƙarsa ya taso, ya ce, "Yaro, gwada birkin kuma, wataƙila rediyo zai kama." Ina da shekara 41 da 'ya'ya huɗu. Mutanen da ke layi suka yi ta dariya har wani ya zauna a ƙasa, shi kuwa Baba ya koma ya ci gaba da feraye rakensa, har ya samu ciniki a kaina.

An ce in gyara in dawo. Bakaniken ya rantse cewa sanyin Jos ne ya taɓa wayoyin, Sani kuma yana ta kirana a kan madubinsa. Har yanzu ban koma ba, domin an tabbatar mini Baba yana nan kullum.