Yaro ɗan shekara 9 aka yanke wa hukunci a kan sata, daga baya aka kai shi Ostareliya

Wani labari da na karanta game da fursunonin da Ingila ta riƙa tasa ƙeyarsu zuwa ƙetare saboda sata ya taɓa min zuciya. Sai dai marubucin ya kira su "miyagun ɓarayi", kuma ni dai ban yarda da wannan ba. Da yawansu talakawa ne da yunwa ta ci ƙarfinsu, wani riga ya ɗauka, wani tunkiya, sai alƙali ya yanke masa shekara 7 ko 14, wani ma har ƙarshen rayuwarsa.

Da farko Amurka ake kai su, tun daga dokar 1718. Da Amurka ta ɓalle, sai aka cusa su a tsofaffin jiragen ruwa a kogin Thames na Landan, saboda gidajen yari sun cika maƙil. A watan Mayu 1787 jirage 11 suka tashi da fursunoni daga tashar Portsmouth ta Ingila, suka isa Ostareliya a Janairun 1788. Cikinsu akwai John Hudson, yaro mai share bututun hayaƙi, wanda aka yanke wa hukunci yana ɗan shekara 9. Ku duba yaron gidanku mai shekara 9, don Allah! A ayari na biyu, na 1790, kusan kashi ɗaya cikin huɗu sun mutu a teku.

Zuwa 1868 an kwashi mutum kimanin 162,000 zuwa Ostareliya. Labarin kuma bai ce uffan ba game da 'yan asalin ƙasar, waɗanda aka ƙwace musu filaye, cuta da bindiga suka ƙarar da dubbansu.